Daminar da Gaisuwa ta Cinye

A gidanmu na Talata Mafara akwai wani ɗaki da ko kaji ba sa shiga. Ɗakin Kawu ne, ƙanen Inna, mai gyaran injinan ban-ruwa a gonakin dam. Wayoyin da ke ciki, da za a miƙe su, sai sun je Maradun sun dawo har a sami ragowar shanya kaya. A kan teburinsa akwai rediyo mai aikawa da karɓa, da wani ɗan akwati mai fitilu, da kwamfuta wadda in an kunna ta sai mutum ya je ya ci tuwo ya wanke hannu kafin ta gama miƙa. Wani Bature injiniya da suka yi aiki tare shi ya koya masa, ya taya shi neman izinin hukuma, da zai koma ƙasarsu ya bar masa kayan.

Ba da baki ake magana a ciki ba. Rubutu ake bugawa, ɗan akwatin ya yayyanka shi ƙanana-ƙanana, Kawu yana kiransu fakiti, sai rediyon ta watsa su sama da wani irin kuka kamar an taka zabuwa a wuya. Wani mai irin waɗannan kaya a wata ƙasa ya cafke, ya ajiye a nasa akwatin, in iska ta yi kyau ya miƙa wa na gaba. Haka saƙo ke tafiya hannu zuwa hannu kamar tubali a wurin gini. Akwai saƙon mutum ɗaya, akwai kuma wanda ake liƙawa a fili don kowa. Can mutane ke zuba abin da suka sani: gyaran famfo, maganin tsutsar tumatir, yadda ake ɗaura eriya a kan bishiya. Kowa ya zuba, kowa ya ɗiba, ba mai tambayar ɗan wane ne kai.

Matsalar Kawu ɗaya ce. Da yatsa ɗaya yake bugu, kamar kaza mai tsintar tsaba, ya tsinci harafi ya ɗaga kai ya duba, ya sake sunkuyawa. Ni kuwa an koya mana keken rubutu a makaranta. Shi ya sa na zama sakatariyar ɗakin, ba albashi sai gyaɗa.

A ƙarshen bazara, ina ta ratsa Turancin mutanen da ban san ƙasashensu ba, sai na ci karo da Hausa. Har sai da na murza ido. Wani malamin gona ne daga can bakin kogin Kwara, wajen Gaya ta ƙetaren iyaka. Ya ce shekarun fari sun cinye irin shinkafar da kakanninsu ke nomawa, yanzu kogi ya dawo da malala, shinkafar zamani kuwa da ruwa ya wuce gwiwa sai ta nutse. Yana neman duk wanda ya san noman shinkafa mai bin ruwa, wadda ke tsawo tare da shi.

Na dubi Kawu, Kawu ya dube ni. Mutumin da ake nema yana zaune a zauren gidanmu yana korar ƙuda.

Kakana ne, mahaifin Inna da Kawu, mu jikoki Tsoho muke ce masa. Garinmu na asali yana can bayan Maradun, ƙarƙashin ruwan dam ɗin Bakolori. Ni ban san shi ba, a goye aka fito da ni. An ba Tsoho gona ta wajen Bakura, shimfiɗaɗɗiya kamar tabarma, ruwa yana zuwa mata ta kanal in an buɗe ƙofa. Ya noma ta ƴan shekaru ya bar wa wasu. Yakan ce ruwan da ake buɗe wa ƙofa da makulli ba ruwa ba ne, ma'aikacin gwamnati ne. Abin da ya fito da shi daga tsohon gari, ban da mu, gora ɗaya ce cike da irin shinkafa. Duk damina sai ya je kududdufin bayan unguwa ya watsa kaɗan, ya girbe abin da bai fi cikin tafi ba, don dai kada irin ya mutu. Yaran unguwa suna ce masa mai gonar kwaɗi. Ni na raɗa sunan, amma wannan wata magana ce.

Ni da shi wasan jika da kaka muke. Ina ce masa angona, yana ce mini amarya. Kullum sai na sake shi saboda ba shi da haƙori, kullum sai ya sake ni saboda ban iya tuwo ba.

Na same shi a zaure na ce, "Angona, tashi, ana neman ka."

"Wa?"

"Wani mutum cikin rediyon Kawu."

"In aljani ne ki ce mai ba ni nan."

Na karanta masa abin da na kwafo. Ƙudan da yake kora ya sauka a kan hancinsa, bai ko ji ba. Ya ce in sake karantawa. Na sake.

"Shi da bakinai yat tambaya?"

"Da yatsunai dai."

Ya kore ƙudan daga hancinsa. Can ya ce, "Tun da ruwa yac ci garinmu, ba wanda yat tambaye ni komi sai lahiyar ƙahwata."

Washegari da hantsi ya yi wanka, ya zaro babbar rigar da sai Sallah take ganin rana, ya kafa hula. A ƙofar ɗakin Kawu ya cire takalmi. Ya fito da goro daga aljihu ya ɗora a kan rediyon, ya ce na baƙo ne. Baƙon bai samu ya ci ba, ni na taimake shi. Sannan ya zauna a kan tabarma ya gyara murya.

"Rubuta, amarya. Salamu alaikum."

Na rubuta. Na ɗaga yatsu ina jira.

"Sai me?"

"Sai mi? Ya amsa?"

Kawu ya durƙusa ya yi masa bayani. Ba mai kayan nan tsakaninmu da Gaya, saboda haka saƙon sai ya haura ƙasar Turawa, ya kwana a akwatin wannan, ya wuni a na wancan, sannan ya gangaro. Yana iya cin mako, yana iya fin haka.

"Gaya da munka je da jakai?"

"Ita, Baba."

"To mu jira."

"Baba, don Allah a haɗa dut a aika gaba ɗai. Gaisuwa da maganar shinkahwar."

"Kai, ana shiga gidan mutum ba a amsa sallama ba? In nit tambaye ka gajiya, nib bi ta kanka da wata magana ba ka amsa ba, na tambaye ka ke nan?"

Haka zabuwar Kawu ta yi kukanta, ta ɗauki kalmomi biyu kacal ta kai su Turai. Tsoho ya sa takalminsa ya koma zaure.

Ranar da amsa ta zo na yi ihun da ya sa akuyar maƙwabta ta tsinke igiya. Tsoho ya sake wanka, ya sake rigar Sallah. Na karanta: "Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Baba, an wuni lafiya?" Na gangara ƙasa ina neman sauran. Na duba sama. Har bayan kwamfutar na leƙa. Ba sauran. Malamin ya gane da dattijo yake magana, shi ma ya tambaya ya tsaya yana jiran amsa.

Kawu ya dafe kai da hannu biyu ya ce, "Inna lillahi. Shi ma irinsu ne."

Tsoho kuwa bakinsa har kunne, dasashi duk a waje. "Wanga ɗan mutane ne. An yi mai tarbiyya. Rubuta: lahiya lau. Ina gajiya?"

Ruwan farko ya sauka muna kan gajiya. Aka yi shuka muna kan ina labari. Gero ya kai gwiwa muna tambayar aiki. In hadari ya taso sai Kawu ya zare wayar eriya don tsoron aradu, in masu wuta suka ɗauke sai ya aro batirin tarakta, in an haɗa komai kuma sai iskar ta ƙi, rediyon ta yi ta tsaki kamar mai a kasko. Na gaya wa ƙawayena a makaranta cewa kakana ya fara gaisuwar da jikokina za su ƙarasa.

Wata rana na ce bari in gajarta mana wahala. Tsoho bai iya karatun boko ba. Da ya ce in rubuta ina zaman gida, na buga, na ɗan jira, sai na buga cinya na ce, "Lah! Ya amsa nan take! Ya ce lafiya lau, gida lafiya, iyali lafiya, dabbobi lafiya, maƙwabta lafiya, kowa da kowa lafiya, a shiga maganar shinkafa."

Bai ko kalle ni ba. "Ƙaryarki ta sha ƙarya, amarya. Zabuwar ba ta yi kuka ba."

Ashe duk zaman nan ya haddace kukan fita da kukan shigowa. Ya sake ni saki uku a wurin, ya maido ni da la'asar saboda ba mai buga masa rubutu.

Amma in faɗi gaskiya, ban taɓa ganinsa kamar a daminar nan ba. Ya bar kwanciyar rana. Ya fara cinye tuwonsa. Da safe kafin in ce ina kwana zai ce, "Abokina ya aiko?" Yana ba masu zama a zaure labarin abokinsa na Gaya kamar tare suka yi kiwo. Inna ta ce mu ƙyale shi, ko ba komai rigar Sallah tana shan iska.

Da ruwa ya kankama ya ce in rubuta, "Ya ruwa?" Amsa ta dawo yadda kowa ke amsawa: "Ruwa ya yi gyara." Da aka zo kan iyali, sai malamin ya rubuto, "Lafiya lau, sai dai tsohuwata Allah ya yi mata rasuwa." Tsoho ya cire hula. Ya sa aka kira Inna, muka zauna a gaban kwamfuta muka ɗaga hannu ya yi doguwar addu'a. Ya aika ta'aziyya, ya ce ba wata magana kuma sai mutum ya share hawayensa.

Ranar na ji haushi sosai. Na bi shi har zaure na ce, "Shi fa ya tambaya! Damina tana wucewa. Kai ba ka ga yana bukata ba?"

Na zaci zai mai da abin wasa. Sai ya ce in zauna. "Abin da ubana yab ba ni, shi ma ubanai yab ba shi. Ba ni miƙa shi ga wanda ban sani ba. Ina ganin huskatai? Ba ni gani. To ta gaisuwa nike ganinta. Yanzu na san shina da haƙuri, na san shina da kunya, na san uwatai ta rasu. Saura kaɗan."

"To ni ka gaya mini mana kafin nan. Ni ai ka san fuskata."

"Na santa, shi ya sa." Ya yi dariya har da tari. "Shi yar riga ki tambaya. Ke ina za ki? Ta hannunki za ta bi."

Na ƙyale shi. Ni a lokacin gani nake Tsoho shi zai binne mu duka, ya dawo ya ci gaba da korar ƙuda.

Sai da aka fara gasa tumu saƙon da muke jira ya iso. Malamin ya gode da ta'aziyya, sannan ya ce, "Baba, ga abin da ke tafe da ni." Ya ba da labarin gonakin mutanensa. Tun tsakiyar damina kogi ya hau su, shinkafar zamanin da suka shuka ta ruɓe a ƙarƙashin ruwa, wasu har sun fara sayar da awaki. Na lissafa a raina, a daidai lokacin ne muka tambaye shi ruwa.

Tsoho ya ce, "Kuma yac ce min ruwa ya yi gyara."

Kawu ya ce, "Haka ake cewa, Baba."

"Haka ake cewa," in ji shi, a hankali. Sai ya ce in ɗauko gora da faifai.

Ya zazzage irin a kan faifan. Ni duk rayuwata na ɗauka shinkafa ɗaya ce a ciki. Da yatsa ya fara ware su, ashe iri uku ne. Akwai gajeriya ja, ya ce ita ce ƴar gaɓa, ta bakin ruwa. Akwai mai dogon gashi a kai, mai gemu, ta inda ruwa ke kai ƙirji. Akwai siririya mai duhu, ta zurfi, wadda ke tashi tare da ruwa har ta fi mutum biyu tsawo, a jirgi ake girbinta.

Ya fara da ƴar gaɓa. Tun hantsi yake magana. Ya ce a dubi kututturen giyayya a fadama, inda lakar bara ta tsaya, nan ne ruwan bana zai nema, a shuka ta inda ba zai wuce gwiwa ba. Ya ce a taka ƙasa da diddige bayan ruwa, in sawun ya zauna ruwa bai tsattsafo ba, lokaci ya yi. Ya ce a watsa ta sama-sama kamar mai rowa, don in ta yi cunkoso ƙarya take yi, ganye ne ba ƙwaya. Ya faɗi ciyawar da ke kama da ita da yadda ake gane ta da taɓi. Ya faɗi tsuntsun da in ya fara zuwa a wasa lauje. Ya faɗi tokar da ake cakuɗa iri da ita kafin a rufe gora. Bai kira ni amarya ko sau ɗaya ba. In na yi jinkiri sai ya ce, "Kin rubuta?" in ce na rubuta, ya ci gaba. Yatsuna suka yi tsami, ban yi ƙorafi ba, abin da a tarihin gidanmu ba a taɓa gani ba.

Aka kira azahar. Ya ɗauki ƙwayar ta zurfi ya juya ta a tafinsa.

"Saura mai gemu, saura wagga. Wagga ita ce uwa. Ba a hwaɗinta da gajiya. Sai gobe."

Kawu ya ce zai aika wa malamin, zai kuma liƙa a fili don kowa ya samu, in Baba ya yarda. Tsoho ya tambayi su wa ke nan. Kawu ya ce duk mai irin kayan nan, ko'ina yake a duniya. Ya yi ɗan tunani ya ce, "To. Su ma a gaishe su."

Da safe Inna ce ta same shi a ƙofar ɗakinsa, buta a kife, ruwan alwala ya jiƙa masa riga. Ɓarin jikinsa ya shanye, bakin ya karkace. Aka kai shi asibiti, aka dawo da shi da rai, amma maganar ba ta biyo shi ba. Sauti ɗaya ya rage masa, wani ɗan gurnani daga maƙogwaro, da shi yake neman ruwa, da shi yake kiran Inna.

Idonsa kuwa lafiya lau, kuma yana jin komai. Na ɗauko faifan na zauna gefen tabarmarsa, na sa hannuna cikin hannunsa mai lafiya. Na ce in haka ne ya matse, in ba haka ba ya ƙyale. Mai gemu ana riga shuka ta kafin ƴar gaɓa? Ya matse. Ana watsa ta da yawa? Ya ƙyale. Ita ma da toka ake ajiye ta? Ya matse. Na ji daɗi, na ce ashe abin mai sauƙi ne. Na yi tambaya ta gaba, da ta gaba, sai kuma na tsaya. Tambayoyina sun ƙare. Duk abin da na sani game da shinkafa shi ne abin da ya faɗa mini jiya, da kuma cewa tana da daɗi da wake.

Ya zare hannunsa ya nuna ta zurfi. Ya ja layi a ƙasa da yatsa, ya ɗora wani a kai, ya ƙwanƙwasa gefe, ya nuna sama, ya dube ni.

"Wata?" Ya sake nuna sama. "Tauraro? Hadari? Bishiya?" Ya sake ja, ya sake ƙwanƙwasawa da ƙarfi. "Kifi? Kada? Angona, ko dai hoton sabuwar budurwa kake zana mini?"

Na jira ya harare ni. Sai na ga hawaye yana gangarowa ta gefen da ya shanye, inda ba ya ma jin saukarsa. Daga ranar ban sake yi masa wasa ba, kuma ina jin wannan ma ya yi masa ciwo. Kawu ya gwada, Inna ta gwada. Su ma suna yara aka bar noman, abin da suka riƙe shi ne daɗin shiga jirgi. Muka kwafi zanen a takarda muka yi ta juya shi. Har yau ban san mene ne ba.

Muka sanar da malamin. Wannan karon ya haɗo gaisuwa da jaje da tambayoyi duka a saƙo ɗaya, tambayoyi na wanda ya san gona, ba irin nawa ba. Na karanta wa Tsoho su ɗaya bayan ɗaya, ya matse wasu, ya ƙyale wasu, wasu kuma ya yi ta girgiza hannuna don amsarsu ba e ba ce, ba a'a ba ce. Muka aika abin da muka samu. Malamin ya sake jero wasu. Suna can suna kwana a akwatin wani Bature, Tsoho ya rasu, wata ranar Laraba bayan la'asar, Inna tana ba shi kunu.

Tambayoyin sun iso ana zaman makoki. Na karanta su ni kaɗai a ɗakin Kawu, da ƙarfi, kamar yadda na saba.

Shinkafar kududdufi ta nuna ba mai ita. Ni da Kawu muka shiga muka yanke, ba mu san ko mun yi wuri ko mun makara ba. Muka raba irin gorar biyu, Kawu ya ba wani direban motar albasa rabi ya kai Kamba, daga can aka ƙetara da shi.

Bana bayan kaka malamin ya aiko da sakamako. Ƴar gaɓa ta yi, har ta ba mutane mamaki, sun bi maganar Tsoho layi-layi, sun ware iri don baɗi. Ba su kaɗai ba. Wani daga bakin wani kogi da ban iya faɗin sunansa ba ya rubuto cewa ya karanta wa tsofaffin garinsu, sun ce haka ne, sun ƙara da yadda su ke korar kifi mai cin tsiro. Kawu ya ce yanzu maganar tana kwance a akwatuna da yawa, ko namu ya ƙone tana nan. Mai gemu ta fito rabi da rabi, da kame-kame. Ta zurfi kuwa, malamin ya raba ta kashi-kashi don gwaji. Wadda ya shuka da wuri rana ta ƙone ta, wadda ya jinkirta ruwa ya haɗiye ta tun ba ta miƙe ba. Ko zangarniya ɗaya ba a samu ba. Ya ce akwai wata alama da ake jira, ya tabbata akwai, shi dai bai san ta ba.

Abin da ya rage na ta zurfi a duniya, iyakar sanina, ɗan ƙulli ne a cikin akwatin kayana. Malamin ya ce iri ba ya daɗewa yana jira, in ya wuce wasu ƴan damuna sai dai a ci. Kududdufin ma an fara cike shi da shara, wai za a yi shaguna.

Shi ya sa duk ranar kasuwar Bakura da ba makaranta nake maƙalewa a bayan babur ɗin Kawu. Duk mai furfurar da na gani sai na tare shi. Ina gaisuwa a tsaitsaye ina kwance ƙulli, har an fara cewa jikar wane ba ta da tarbiyya. Wasu su ce sun taɓa ci. Wasu su ce wanda ya sani ya rasu bara, ko bara waccan. Wani ya ce in je garin Gidan Goga, akwai wani dattijo can da ya sani, na je, aka ce mutumin ya koma wurin ɗansa, hankalinsa ma ya gushe.

Makon jiya na tsaya gaban wata tsohuwa mai sayar da daddawa, don kawai ita ce ta rage a layin. Ta karɓi ƙwaya ɗaya ta kai kusa da ido, ta shinshina, ta sa a haƙorinta ɗaya da ya rage ta gatsa. Sai ta rufe fuska da gefen zane.

"Ɗiyata, ina kis samo wagga?"

Na gaya mata. Ta ce mijinta ya noma ta kafin a tsare kogi, a jirgi yake kawo ta har bakin gida, dami yana ɗigar ruwa. Na durƙusa a cikin ƙurar kasuwa na ce, "Iya, yaushe ake shuka ta? Me ake jira a gani?"

"Wayyo. Wanga sai su. Ni dahuwatta nis sani."

Na so in tashi. Sai kuma na ce ta gaya mini dahuwar. Ta manta da daddawarta, ta faɗi yadda ake jiƙa ta, yadda ake turara ta a yi gumi, yadda ake surfa ta da sauƙin hannu don daɗin yana cikin jan bayan, da irin miyar kifin da ke tafiya da tuwonta. Ta ce in ana tuƙa shi har maƙwabta na uku sai sun aiko yaro da kwano. Na riƙe duka, muka dawo gida na buga, Kawu ya liƙa a fili. Yanzu duk mai rediyo a duniya yana iya koyon tuwon shinkafar da ba wanda ya iya noma ta.

Ranar, da za mu taso daga wurinta, na miƙa hannu don ta ba ni ragowar ƙwayar, don ko rabi ba na son ya ɓata. Ta dube ni ta ce, "Bar min wagga." Ta ƙulle ta a bakin zanenta, ta ja ƙullin da haƙori.